Wata Takwas a Dokin Ƙofa

Ku da kuke cika min waya da saƙonni kuna cewa, "Kerry, ki daina ja wa bawan Allah rai," yau sai ku gyara zama. Ranar Asabar ɗin nan, ni da yatsana na tura wa Warren saƙon rabuwa. Kada ku yi min ca tukuna, ku bari in kai aya.

Don waɗanda yau suka fara bin labarin: shekarata talatin da ɗaya, ni da Mama muke riƙe da masaukin baƙi mai ɗaki shida a nan Whitby, a layin da ke gangarawa bakin ruwa. 'Yata ɗaya tilo, Nell, shekararta tara. Babanta Craig yau shekara uku ke nan da rasuwa. Warren kuwa shi ne mutumin da ya yi wata takwas yana min zarya. Da rana mai gyaran famfo ne, da shuɗin kayan aikinsa da akwatin sifana. La'asar na yi sai ya zuba baƙar alkyabba mai jan ciki, ya shafe fuska da farar hoda, ya maƙala fiƙoƙin roba, ya ja garken baƙi su hau matakala ɗari da casa'in da tara zuwa kangon majami'a, yana ba su labarin Littafin.

"Littafin" kawai muke ce masa, ko yaron goye a garin nan ya san wanda ake nufi. Tsohon labarin mashayin jinin nan ne da ya haura shekara ɗari da rubutawa, amma har gobe shi ke cika mana ɗakuna. Sau biyu a shekara masoyansa ke yi wa garin tsinke, kowa baƙi wuluk tun daga hula har takalmi. Ina dafa musu, ina wanke musu zanen gado, ina musu fara'a. Amma doka ɗaya na kafa: Littafin ba ya kwana a ɓangarenmu. Cutar jini ce ta ɗauke Craig. A gaban idon Nell ya yi ta ɗashewa har ya koma fari fat kamar takarda. Bayan nan yarinyar ta fi shekara biyu tana farkawa da ihu, sai bana da na sayo mata wata fitila mai siffar wata abin ya lafa. Ku faɗa min tsakani da Allah, wace uwa ce za ta bar labarin mai tsotsar jini kusa da irin wannan yarinya? Kwafin Craig ma, da yake ji da shi kamar ƙwai, a kwali na cusa shi da sauran tarkace na ba Mama ta kai shagon gwanjo.

To, safiyar Asabar bikin masoyan Littafin ya kankama. Ɗakin cin abincinmu kamar gidan makoki, sai dai masu makokin dariya suke ta ƙyaƙyatawa. Akwai wata dattijuwa, Pauline, da ke zuwa daga Leeds ta sauka wurinmu duk shekara. Ranar ta ci doguwar riga baƙa mai matse ƙugu, leshi har haɓa, ga safar hannu, ga 'yar hula mai mayafin raga, leɓe baƙi ƙirin. A haka take cin ƙwai da wake da gasasshen burodi, duk loma sai ta ɗaga ragar.

Ina zuba mata shayi haƙurina ya ƙare.

"Anti Pauline, don Allah me kuke gani a littafin nan ne? Shekara da shekaru ana abu ɗaya, ba gajiya?"

Ta ajiye cokali.

"Wa ya ce miki abu ɗaya ne, 'yar nan? Ina da sha shida na fara karanta shi a ɓoye. Lokacin labarin wani baƙon namiji ne mai haɗari, irin wanda uwa ke ja miki kunne a kansa. Ina da arba'in na sake ɗauka, sai na ga ashe labarin abokai ne da suka haɗa kai don ceton mace ɗaya. Bana kuwa," ta shafa gwiwarta mai ciwo, "har tausayin dodon nake ji. Tsoho ne kawai da ya ƙi yarda zamaninsa ya wuce. Miƙo min man shanu."

Na miƙa mata na koma kicin. Mama na tsaye tana juya bandar kifi a kasko, gashinta cike da robobin naɗi.

"Mama, ina tafarnuwar da na sayo ranar Talata? Dunƙule uku fa."

"Ni mai gadinta ce? Ƙila baƙinki ke rataya ta a wuya."

Wata da watanni ke nan tafarnuwa ba ta kwana uku a kicin ɗin nan. Na zargi ɓera, na zargi mantuwata, har mai shagon na zarga a zuci.

"Warren zai biyo in ya sauko da baƙinsa?" in ji Mama, kamar ba komai. Lokacin biki tun safe yake cikin alkyabba.

"Zai biyo ya tsaya a ƙofa kamar mai kawo wasiƙa."

"Ke dai ba ki da godiyar Allah. Namiji mai sana'a biyu, ba ya caca, ba ya faɗa, in zai gaishe ni har hula yake cirewa. Irinsa ba a tsintarsa a bakin teku, Kerry. Ki zauna nan kina yanga. 'Yan matan da ke binsa hawa matakala suna ɗaukar hoto da shi, kin ɗauka makafi ne?"

"Mama, wata takwas! Ko sau ɗaya bai taɓa tsallake dokin ƙofar nan ba. In ce shigo ka sha shayi, ya ce sauri yake. In ce ana ruwa, ya ce ai shi ruwa bai dame shi ba. Kin manta ranar da famfon kicin ya fashe?"

Mama ta tuntsire da dariya har kifi ya kusa ƙonewa. Bari ku ma in ba ku. Ruwa na tsiri har rufin ɗaki, ni kuwa ga ni da saurayi mai gyaran famfo, ai sai na kira shi. Ya zo a guje, ya zagaya ta baya, ya tsaya a wajen taga ya miƙo min sifana. "Juya shi dama, Kerry. Dama na ce, wannan ai hagu ce!" Ni a durƙushe ƙarƙashin wurin wanke-wanke, jiƙe sharkaf, shi yana waje yana ba da hannu kamar ɗan sandan mararraba. Wanda ke son ki da gaske haka yake yi? Ni dai tun ranar na yanke a raina: mutumin nan yana so na a gidan cin abinci, yana so na a yawon bakin teku, amma gidan da ke da marainiya a ciki, nauyinsa yake gudu. Ni kuwa ba a ɗaukata a bar Nell a baya.

"Ki yi masa uzuri," in ji Mama, idonta a kasko. "Ruwa ba ya tsami banza."

Wajen ƙarfe sha ɗaya na hau sama in canza wa Nell zanen gado. Ina zare rigar matashi sai ga abu tim a ƙasa. Littafi ne, an naɗe bangonsa da takardar kyauta mai hoton zomaye. Gefen takardar ya yage, na hango rabin sunan Littafin. Na ja labule don in ga da kyau, sai ga tafarnuwata jere reras a dakalin taga, dunƙule goma sha ɗaya, wasu har sun fara tsiro.

Ban tsaya wani tunani ba. Wa ke yawo da Littafin a aljihu kullum ta Allah in ba Warren ba? Na kwashe tafarnuwar na zuba a aljihun rigar girkina, na zaro waya.

Na rubuta: "Abu ɗaya na roƙe ka, ɗaya tak. Ka ƙi shiga gidana, amma littafinka ya san hanyar matashin 'yata. Kada ka ƙara zuwa."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Wane littafi? Kerry, wallahi ban gane ba."

"Ka gane sarai."

"Ina can sama da baƙi. Ki jira ni, ga ni nan."

"Ka zo ka tsaya a ƙofa? Hutar da kanka."

Na kashe wayar gaba ɗaya. Na sauko da ƙarfina zuwa ɗakin guga, inda Mama da Nell ke ninke zannuwa, kowa riƙe da gefe ɗaya. Nell na sanye da jar rigar sanyinta, gashi ɗaure gida biyu, ƙafa ba takalmi sai safa mai zane-zane.

Na ɗaga littafin sama. Nell ta saki zanen ya zube. Mama kuwa ko gezau.

"Buɗe shafin farko kafin ki buɗe baki," in ji ta.

Na buɗe. Rubutun Craig ne, wannan da ke kama da tonon kaza. Ga sunansa, ga shekarar da ya saya, ga tabon shayin da ni da kaina na zubar masa muna sabon aure.

"Mama, shagon gwanjo fa na ce."

"Na kai kwalin ai. Wannan ne ya ƙi tafiya." Ta ɗauki zanen ta karkaɗe. "Wata bakwai ke nan muna karantawa ni da ƙawata. Shafi biyar kullum in ta dawo makaranta, muna ninkin nan namu. Inda yaji ya yi yawa in tsallake."

"Ba kya tsallakewa, Kaka. Ƙasa-ƙasa kike yi da murya, kuma ina ji."

"Rufe min baki, 'yar nema. Ba ke kika tona mana asiri da tafarnuwarki ba?"

Na durƙusa a gaban Nell na riƙe kafaɗunta. Faɗa na sauko yi, amma sai na tambaye ta a hankali.

"Nell, ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana! Ai shi ne daɗin." Ta ga ban yi dariya ba, sai ta sassauta. "Momi, wannan dodon yana da doka. Ba ya son tafarnuwa. In rana ta fito ƙarfinsa raguwa yake. Kuma ba ya shiga gida sai an ce masa shigo." Ta sunkuyar da kai tana murza safarta a ƙasa. "Ciwon Dadi ba wanda ya ce masa shigo."

Mama ta juya mana baya ta fyace hanci da rigar matashin da aka gama gogewa yanzu.

"Kuma in abin ya yi yawa," Nell ta ci gaba, "sai in ce Kaka ta rufe. Tana rufewa shi ke nan, ya zauna a ciki har gobe."

"To fitilar da na sayo miki fa? Ba ita ta hana ki mugun mafarki ba?"

Ta dube ni irin kallon da likita ke wa mara lafiya.

"Fitilar tana da kyau sosai, Momi."

Jama'a, shekara uku ina toshe kowace kafa don kada tsoro ya iso wurin yarinyar nan, ashe tsoron yana ciki tuntuni, ni na kulle su tare. Ita kuwa ta samo wanda za ta iya jera wa tafarnuwa, ta rufe shi da bango in ta gaji. Sai na tuna Craig a gadon asibiti, littafin nan a ƙirjinsa, ina masa faɗan me zai yi da labarin tsoro a irin wannan hali, shi kuma yana murmushi yana cewa in bar shi, a nan ciki mutanen kirki ne ke cin nasara. Ranar ban gane ba.

Ina cikin wannan sai na tuna saƙon da na tura. Na dafe kai.

"Wayyo ni, Warren!"

"Me kika yi masa?" in ji Mama.

"Na kore shi. Na ɗauka shi ya kawo littafin."

Nell ta zaro ido. "Kika kore shi? Amma ai bai karya doka ba! Ko sau ɗaya!"

"Wace doka kuma?"

Ta kalli Kaka, Kaka ta kalli rufin ɗaki. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe ranar da Warren ya fara zuwa ɗaukata, daga wurin aiki ya wuto da alkyabbarsa da fiƙoƙinsa. Ina sama ina fama da ɗan kunne, Nell ce ta buɗe ƙofa. Ta ga mutum haka tsaye, sai ta tuna abin da kowane ɗan makaranta a garin nan ya sani, ta ce masa, "Ba za ka shigo ba sai na ce ka shigo." Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya cire fiƙoƙin, ya tsuguna daidai tsayinta, ya ce, "Haka dokar take. Zan jira." Ta ce har yaushe? Ya ce, "Har ranar da kika ce." Ta sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya min ba, don ta san in na ji tilasta mata zan yi. Washegari ta fara damun Kaka sai an karanta mata Littafin, ta san sauran dokokin.

"Ranar famfo fa?" na tambaya. "Ranar da na kusa nutsewa a kicin?"

"Ya kalle ni ta taga, ni kuma na girgiza kai." Ta ɗaga kafaɗa. "Lokacin ban shirya ba."

"Mama, kin san wannan?"

"Ni da nake leƙe ta bayan labule tun ranar farko? Ba na ce miki ruwa ba ya tsami banza ba?"

Kafin in ce uffan ƙararrawar ƙofa ta ɗauka.

Na fita da gudu na buɗe. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Ga Warren tsaye, alkyabba ta jiƙe ta manne masa, farar hoda na gangarowa har wuya, fiƙoƙin roba a hannu, yana haki. A bayansa kuwa baƙi sun kai goma sha biyar, kowa da baƙar lema. Ashe da ya sauko a guje biyo shi suka yi, sun ɗauka duk cikin yawon ne. Na kalli ƙasa. Bakin takalminsa daidai dokin ƙofa, ko da faɗin yatsa bai wuce ba.

"Kerry, ban ba ta komai ba. In kina so in rantse..."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na sani. Ni ce na yi maka laifi, ka yafe min. Shigo, Warren, ruwa na dukanka."

Bai motsa ba. Idonsa ya wuce ta gefen kafaɗata, ya sauka kan Nell da ke tsaye a bayana. Mutumin da na kora minti ashirin da suka wuce, ga shi na buɗe masa ƙofa da bakina, amma ya tsaya yana jiran izinin 'yar shekara tara mai safa. Wallahi a nan ne zuciyata ta gama tafiya. Wata takwas ina cewa gudun Nell yake, ashe duk garin nan ba wanda ya ɗauki maganarta da nauyi kamarsa, har da ni da na haife ta.

Nell ta matso. Ta zura hannu a aljihun rigar girkina ta ciro dunƙule ɗaya, ta ɓalli ƙwaya mafi girma, ta ɓare ta a tsanake kamar mai aikin tiyata. Ta miƙa masa.

"Ci."

"Ɗanya?"

"Ɗanya."

"Ranki ya daɗe, ba sassauci? Ko ɗan burodi?"

"Mai gaskiya ba ya neman burodi."

Ya jefa a baki. Ya tauna. Idanunsa suka kawo ruwa, hancinsa ya yi ja ta ƙarƙashin hoda, baƙin da ke bayansa sai ƙyas-ƙyas suke da wayoyi. Wani dogo mai hular kwano har cewa yake bara ba a yi wannan ba.

"Haɗiye. Buɗe baki in gani."

Ya buɗe. Ta leƙa sosai, ta gyaɗa kai.

"To, kai mutum ne. Shigo. Amma ka goge ƙafa, Momi ba ta son laka."

Ya goge, sau uku ma. Ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake dokin ƙofar, a hankali kamar mai shiga ruwan sanyi. Titi ya kaure da tafi. Na waiga sai ga Anti Pauline a kan matakalar bene da sauran baƙinmu, ta ɗage raga tana sharar hawaye, kwalli ya yi mata layi biyu a kumatu. Mama kuwa cewa take, "A rufe min ƙofa, ɗumin gida na fita! Ku kuma na waje, an tashi wasa, kowa ya kama gabansa!"

Ni dai ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na kama alkyabbar. "Cire wannan, kana ɗiga a kan tayil ɗina." Ina janye ta daga kafaɗarsa, wani abu ya suɓuto daga aljihun ciki, ya buga ƙasa, ya yi tsalle biyu, ya je ya tsaya a gaban safar Nell.

Ɗan ƙaramin akwati ne, baƙi, mai laushi.

Nell ta ɗauka ta buɗe. Daga inda nake na hango zobe, da baƙin dutsen nan mai sheƙi da ake tsinta a gaɓar tekunmu. Warren ya rufe ido.

"Wata uku ke nan yana aljihuna," ya ce, murya can ciki, warin tafarnuwa ya cika zaure. "Ban so in yi tambayar daga waje ba."

Mama ta dafe ƙirji, robar naɗi ɗaya ta faɗo daga kanta.

Nell ta rufe akwatin ƙyat, ta zura shi a aljihun wandonta. Ta kalle ni, na san ta ga amsar a fuskata tun kafin in faɗa, don ban iya ɓoye ta ba. Sannan ta kalli aljihuna da ke cike fam, ta juya wurin Warren ta harɗe hannu.

"Izinin shiga gida na ba ka. Wannan kuwa magana ce daban. Akwai sauran dunƙule goma."

Warren ya kalli aljihun. Ya kalle ni. Ya haɗiyi yawu har maƙogwaronsa ya motsa, ya naɗe hannun riga, ya miƙa mata tafinsa.

"Ɓaro ta biyu."